KUJERAR MATA A MAJALISA: KAFIN A WARE, A FAƊA MANA WACE CE 'YAR GIDA

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo.

Shekaranjiya a majalisarmu ta shayi nan Randagi muka yi ta musu kan ƙudirin ware wa mata kujeru: ƙarin sanata ɗaya da 'yar majalisar wakilai ɗaya a kowace jiha da Abuja, sai kujeru uku a majalisar kowace jiha. Ni ina goyon baya. Amma akwai tarihin da nake so mu duba tukuna.

Indiya ta daɗe a wannan harka. A can ana gadon matsayi ne daga haihuwa, kuma akwai waɗanda aka mayar ƙasƙantattu, ko taɓa su ba a yi. A 1932 jagoransu, Dakta Ambedkar, ya cimma yarjejeniyar Poona bayan Gandhi ya shiga yajin cin abinci a kurkuku, aka ware musu kujeru 148 a majalisun larduna. Tsarin mulkin 1950 ya ci gaba da tsarin, da nufin shekara goma kacal, amma har yau ana ta sabuntawa. Cikin kujeru 543 na majalisar wakilansu, 84 nasu ne, 47 na ƙananan ƙabilu.

To tunda kujera ta zama ta masu wani asali, sai rigima ta koma kan takardar shaidar asalin. Navneet Rana ta ci kujerar Amravati a 2019 da takardar da ke cewa ita daga zuriyar masu ɗinkin takalma take, kamar dukawanmu. Wanda ta kayar ya garzaya kotu. A Yuni 2021 Babbar Kotun Bombay ta soke takardar, a Afrilu 2024 Kotun Ƙoli ta dawo mata da ita, lokacin wa'adin ya kusa ƙarewa. Kusan shekara biyar ke nan mutanen mazaɓar ba su san matsayin wakiliyarsu ba. Ƙari a kan haka, dokar 1950 ta ce wanda ya musulunta ko ya zama Kirista ya fita daga jerin masu kujeru 84 ɗin, ko da talaucin da wulaƙancin ba su bar shi ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da Indiya? Ai mu ma muna da tamu takardar, ta ɗan asalin jiha. A Nuwamba 2012 Babbar Jojin Najeriya, Aloma Mukhtar, ta ƙi rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda an kai ƙorafin cewa 'yar Anambra ce, aure ya kai ta Abia, kuma gurbin na Abia ne. Matar da ta yi shekaru tana alƙalanci a Abia fa! Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka rantsar da ita.

Gaskiya ne tsarin mulki bai ce sai ɗan asalin jiha zai nemi kujerar majalisa ba. Amma mun san yadda ake yi a fidda gwani: "Ai ba 'yar nan ba ce," shi ke nan an gama da mutum.

Abin da ya sa nake damuwa, Birnin Gwari na kan iyaka da Neja da Zamfara da Katsina, gidaje da yawa matansu daga can aka auro su. Matar yayana 'yar Neja ce. Nan ta haifi 'ya'yanta duka, nan ta koyar, da mu ta kwana a daji lokacin da 'yan bindiga suka tashe mu. Gobe in ta nemi wannan kujera, a nan za a ce ta koma garin ubanta, a can a ce ai ta yi aure waje. Ta tashi a tutar babu.

Don haka roƙona ga masu wakiltarmu: a rubuta ƙarara cewa inda mace take zaune kuma take zaɓe, nan ne mazaɓarta. In ba haka ba, mai kuɗin ɗaukar lauya ce za ta gaji kujerar.

Ku da kuka auro daga wata jiha, me kuka gani?