Dumas, Jikan Baiwa da Ya Mamaye Jaridun Faransa

A 1844 wata jaraba ta kama masu karatu a birnin Paris. Mutum zai sayi jarida ya tsallake labaran siyasa, idonsa ya sauka ƙasan shafin farko, inda ake buga ƙagaggen labari kashi-kashi. Masu jaridu sun gane cewa wanda aka katse wa labari a tsakiyar rikici dole gobe ya dawo da kuɗinsa. A wannan sana'a babu kamar Alexandre Dumas. A shekarar ce jaridar Le Siècle ta buga labarinsa Les Trois Mousquetaires, Journal des Débats kuma ta fara Le Comte de Monte-Cristo, wanda bai ƙare ba sai 1846.

Kakarsa ta wajen uba, Marie-Cessette, baiwa ce baƙar fata a Saint-Domingue, wato Haiti ta yau. Ɗanta Thomas-Alexandre ya kai muƙamin janar a sojan Faransa, ya je yaƙin Masar tare da Napoleon, suka saɓa. A hanyar dawowa aka kama shi, aka kulle a Taranto ta Italiya har wajen shekara biyu. Ya fito jiki ya lalace, ya rasu a 1806, Alexandre bai cika shekara huɗu ba, gidan kuma ya faɗa talauci. Wanda ya san wannan, in ya karanta yadda aka jefa Edmond Dantès, jarumin Le Comte de Monte-Cristo, kurkukun Château d'If shekara 14 bisa ƙazafi, zai gane inda zafin alƙalamin ya samo asali.

Dumas ba shi kaɗai yake aikin ba. Auguste Maquet ne ke tsara ƙashin labarin, Dumas ya sa masa tsoka da rai. Maquet ya cancanci yabo fiye da wanda ya samu, amma zance mai gudu kamar doki, wannan na Dumas ne.

Kuɗi sun shigo, hannu kuwa a sake. Ya gina katafaren gida a Le Port-Marly, bashi ya sa aka sayar. A 1851 ya tsere Beljiyam, masu binsa bashi na nemansa. Ya rasu a 1870.

Masu suka sun sha yi masa gorin launin fata, suna raina rubutunsa a matsayin na kasuwa. Sai a 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sa aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin manyan Faransa, kusa da Victor Hugo da Émile Zola.