Waiwaye Adon Tafiya: Ranakun Zaman Lafiya na Duniya da Darasin da Kaduna ta Koya Mana

Gabatarwa

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, duk shekara idan ranar 21 ga watan Satumba ta zagayo, mukan ji gidajen rediyo na sanar da cewa yau ce Ranar Zaman Lafiya ta Duniya. A wasu wuraren akan yi taro a babban ɗaki, manya su yi jawabi, 'yan makaranta su yi maci da fararen tutoci, a ci a sha a watse. Da yawanmu mukan ɗauki abin a matsayin bikin Turawa da 'yan boko wanda bai shafi ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke neman na tuwo ba. Amma mu da neman ilimi da neman abinci suka baro da mu daga gida, muka zauna cikin jama'a masu harsuna da addinai dabam-dabam, mun fi kowa sanin cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, domin idan tarzoma ta tashi a birni, shagon baƙo da gidan hayar baƙo ake fara tunawa da su. Saboda haka ya kamata mu waiwayi asalin waɗannan ranaku, mu ga abin da suka iya yi da wanda ba su iya ba, sannan mu auna su da tarihin da ya faru a ƙofar gidanmu.

Asalin Ranakun

Tushen abin yana komawa ne ga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 16 ga Nuwamba 1945, wakilan ƙasashe suka taru a birnin Landan suka rattaba hannu a kan tsarin hukumar UNESCO, wadda aka ɗora wa kula da ilimi da kimiyya da al'adu. Tunanin da aka gina hukumar a kansa shi ne, tunda a cikin zukatan mutane ake fara ƙulla yaƙi, to a cikin zukatan ne kuma za a gina katangar da za ta tare shi, kuma makaranta ce wurin wannan gini. Don tunawa da wannan rana ne, bayan shekara 50, a 1995, hukumar ta fitar da sanarwar ƙa'idojin haƙuri da juna, aka kuma keɓe 16 ga Nuwamba ta zama ranar juriya da haƙuri da juna ta duniya.

Ita kuwa Ranar Zaman Lafiya, a shekarar 1981 ne Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa ta, aka fara kiyaye ta a 1982. Daga cikin ƙasashen da suka gabatar da ƙudurin akwai Kosta Rika, wata 'yar ƙaramar ƙasa a Amurka ta Tsakiya wadda ta rushe rundunar sojanta tun 1948, ta karkata dukiyarta ga makarantu da asibitoci. Da farko ranar ba ta da tsayayyen kwanan wata, sai dai ta bi ranar buɗe zaman Majalisar a watan Satumba. Sai a ranar 7 ga Satumba 2001 aka zartar da sabon ƙuduri wanda ya tsayar da ita a kan 21 ga Satumba, aka kuma roƙi duk masu riƙe da makami su tsagaita wuta na tsawon wannan yini.

Daga baya wasu ranakun suka biyo. A 2010 Sarki Abdallah na Biyu na ƙasar Jodan ya gabatar da shawarar keɓe makon farko na watan Fabrairu domin jituwa tsakanin mabiya addinai, Majalisar ta amince. A ranar 4 ga Fabrairu 2019, marigayi Fafaroma Francis da Shaihin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a kan takardar 'yan uwantakar bil Adama a birnin Abu Dhabi, wannan rana kuma ta shiga jerin ranakun Majalisar. Abin da ya kamata mu yi alfahari da shi kuwa shi ne, Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka gabatar da ƙudurin Ranar Ilimi ta Duniya a watan Disamba 2018, wadda ake yi kowace 24 ga Janairu.

Ba za a ce ranakun nan ba su taɓa tsinana komai ba. A 2007, a ƙasar Afganistan, masu faɗa da juna sun ɗaga ƙafa albarkacin Ranar Zaman Lafiya, ma'aikatan lafiya suka shiga yankunan da a da ba su shiguwa, aka yi wa yara sama da miliyan ɗaya rigakafin shan inna. Amma tarihi ya ajiye mana wani abin lura. Ranar Juma'ar nan ta 7 ga Satumba 2001 da ake ɗaga hannu a zauren Majalisar a birnin Niyok, ita ce ranar da rikicin Jos ya ɓarke, wanda cikin 'yan kwanaki ya ci rayuka wajen 1,000. Kwana huɗu bayan haka kuma aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka. Ƙuduri a takarda ba ya kashe wutar da ta riga ta kama a unguwa. Don mu ga abin da ke kashe ta, sai mu dawo gida mu dubi Jihar Kaduna.

Wutar da ta Tashi Daga Makaranta

Mukan ce ilimi gishirin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Sai dai kada mu manta cewa wata babbar tarzomar addini da ta girgiza tsohuwar Jihar Kaduna a cikin harabar makaranta ta fara. A watan Maris 1987, a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, saɓani ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a kan kalaman wani mai wa'azi. Kafin a ankara abin ya fita daga makaranta ya shiga gari, daga nan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada masu yawa, aka rasa rayuka. Waɗanda suka fara rikicin ba jahilai ba ne, matasa ne da ake shiryawa su zama malaman 'ya'yanmu. Sun iya karatu da rubutu, amma kowannensu bai san komai game da addinin abokin zamansa ba sai abin da aka faɗa masa a bayan idon mai shi.

Shekara biyar bayan haka, a 1992, rikicin Zangon Kataf ya taso a kan batun sauya wa kasuwa matsuguni, ya rikiɗe ya zama na ƙabila da addini, ya kuma malalo har cikin birnin Kaduna. A watan Fabrairu 2000 aka yi wanda ya fi su muni, a kan muhawarar shari'ar Musulunci, inda mutane fiye da 1,000 suka hallaka. Tabon da wannan ya bari yana nan har yau. Jama'a suka kwashe kayansu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi suka fi taruwa a arewacinsa, a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista kuma a kudancinsa, irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi.

Liman da Fasto

A cikin wannan duhu ne aka sami mutum biyu da labarinsu ya zagaya duniya, wato Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Dukansu shugabannin matasa ne a ɓangarorinsu, kuma dukansu sun ɗanɗana kuɗarsu a rikicin 1992. Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro, ya ce musu gyaran ƙasar nan yana hannun irinsu. Sun gaisa, amma zuciya ba ta kwanta nan take ba, an ɗauki shekaru kowa na kallon ɗan uwansa da ayar tambaya. Shi Liman ya ba da labarin cewa huɗubar wata Juma'a ce ta karya masa zuciya, inda aka tuna yadda Manzon Allah (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Shi kuma Fasto wani babban malamin coci ne ya gaya masa cewa ba ya yiwuwa ya yi wa'azin Almasihu alhali yana ɗauke da ƙiyayya. Lokacin da mahaifiyar Fasto ta kwanta rashin lafiya, Liman ya je asibiti ya duba ta. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya bar addininsa ko ya sassauta aƙidarsa. Kowannensu a cikin littafinsa ya samo hujjar yafiya.

Cibiyar sasanci tsakanin addinai da suka kafa a Kaduna ta yi aiki da matasa da mata da malaman makarantu da shugabannin addini. Da ƙoƙarinsu, tare da goyon bayan gwamnan wancan lokaci, Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi, shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna a ranar 22 ga Agusta 2002. Wata uku kacal bayan haka, a Nuwamba, tarzomar gasar sarauniyar kyau ta duniya ta tashi, mutane sama da 200 suka mutu. Masu gajen haƙuri suka ce ga shi nan, aikin banza ne. Amma mutanen nan biyu ba su ajiye aikin ba. Bayan kashe-kashen Yelwa da Shendam a Jihar Filato a 2004, wanda ya kai ga kafa dokar ta-ɓaci a jihar, su ne suka yi ta zarya tsakanin ɓangarorin har aka ƙulla sulhu a 2005. Daga baya ma an gayyace su Kenya bayan rikicin zaɓen 2007.

Akwai kuma misalin da bai fito daga wata cibiya ba. A ranar 23 ga Yuni 2018, lokacin da mahara suka auka wa ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, wani dattijo, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, a cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Da aka tambaye shi, cikin abin da ya ambata har da cewa shekaru da dama da suka wuce, Kiristocin yankin ne suka bar Musulmi suka gina wannan masallaci. Alherin da kakanni suka shuka, jikoki suka girba a ranar da babu wani mai ceto sai Allah.

Ajin da Ya Rabu

Shugabannin farko sun fahimci cewa sanin juna a ƙuruciya ake dasa shi. Shi ya sa a 1966 aka buɗe kwalejojin gwamnatin tarayya a Sakkwato da Warri da Okposi, domin yaran sassan ƙasa su kwana ɗaki ɗaya su ci a kwano ɗaya, kuma yau irin waɗannan makarantu sun haura 100. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973 da irin wannan manufa. Da yawa daga cikinmu a makarantun gwamnati muka yi karatu, inda Musa da Bulus suke zama a benci ɗaya, wannan ya kai wa wancan naman Sallah, wancan ya kawo masa shinkafar Kirsimeti. Wanda ya tashi haka, da wuya wani ya zo da rana tsaka ya gamsar da shi cewa abokin nan nasa dodo ne.

Yau fa? Da unguwanni suka rabu, makarantu ma sun rabu. Lalacewar makarantun gwamnati ta sa duk mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi, yawancinsu kuma na addini ɗaya ne ko na unguwa ɗaya. Sai ga yaro ya gama sakandare a Kaduna ko Jos bai taɓa yin aboki daga ɗaya ɓangaren ba, duk abin da ya sani game da su daga wayar hannu ya samo shi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan shi ne irin duhun da ya haifi abin da ya faru a Kafanchan, sai dai na yanzu ya fi kauri.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, ranakun duniya kamar kiran sallah suke ko ƙararrawar coci: suna tunatarwa, amma ibadar tana wuyan wanda ya ji kiran. Saboda haka muna kira ga rassanmu na birane da su ba waɗannan ranaku aikin yi. Idan 24 ga Janairu ta zo, mu ziyarci makarantar gwamnati ta garinmu mu ga abin da ta rasa, domin ita ce kaɗai ajin da ya rage wanda ɗan kowa ke shiga. A makon farko na Fabrairu, mu nemi liman da fasto su tsaya tare a gaban ɗalibai, a ba su labarin hijirar Sahabbai zuwa Habasha da yadda sarki Kirista, Najjashi, ya ba su mafaka, a kuma ba su labarin dattijon Nghar. Tallafin karatun da muke bayarwa kuma a duba cancanta da buƙata, kada a duba sunan yaro. Mu iyaye kuwa, mu kula da irin sunan da muke kiran maƙwabtanmu da shi a gaban 'ya'yanmu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan fitinu, Ya kuma sa 'ya'yanmu su gāji zumuncin da muka tarar a wurin iyayenmu. Amin.