Liƙi, Sanƙira da Wayar Hannu: Yadda 'Yan Kallon Jos Suka Sauya

Duk mai shirya wasan kiɗa a Jos yau yana lissafin abu uku kafin ya kafa lasifika: man janareta, ruwan sama, da mutanen da za su haye dandamali ba tare da an kira su ba. Na ukun ya fi ba shi ciwon kai. Samarin Tudun Wada da ke gangarowa daga cikin duwatsu zuwa filin Polo ko filin wasa na Rwang Pam ranar da babban mawaƙi ya shigo gari sun san yadda daren ke kasancewa. Sahun gaba ya ɗaga wayoyi sama har na baya ba ya ganin komai sai hasken gilashi, wani ya wurgo ledar ruwa, wani ya tsallake shinge ya rungume mawaƙi ana tsakiyar baiti, masu gadi su yi caa a kansa. Dattawa sukan ce tarbiyya ce ta lalace. Tarihin kallon kiɗa a garin kuwa ya nuna cewa kusantar mawaƙi da katse shi tsohuwar al'ada ce. Abin da aka rasa shi ne mutanen da sana'arsu ita ce tsara wannan katsewa.

Kuza ce ta tara jama'ar Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka duƙufa haƙarta, ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso a 1927. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Borno da yankunan da ke ƙarƙashin mulkin Faransi, suka cika barikokin da ke kewaye da Bukuru da Barikin Ladi. Masanin tarihi Bill Freund, wanda ya fitar da littafi kan leburorin kuza a 1981, ya nuna yadda rayuwar bariki ta haɗa da caca, giya da mata masu zaman kansu, da yadda waɗannan suka taimaka wa kamfani wajen riƙe ma'aikata. Inda kuɗi ke yawo a hannun gwauraye kuwa, makaɗa ba sa nisa. Ranar biya, masu goge, kalangu, kukuma da garaya sukan sauka bariki.

Fagen wancan zamani a ƙasa yake. Jama'a sun yi da'ira, an shimfiɗa tabarmi, an jera benci biyu ko uku don manyan bariki, su helima da magajiya, fitila na ci a gefe. Tsakanin mawaƙi da jama'a akwai sanƙira, mutum mai ƙarfin murya wanda ya san kowa da uban kowa. Wanda waƙa ta ratsa shi zai miƙe, ya gyara riga, ya tako tsakiyar fili. Sanƙira ya ɗaga hannu, kiɗa ya lafa. Mutumin ya ciro sule ya danna a goshin mawaƙi, gumi ya riƙe shi na ɗan lokaci kafin ya faɗo, yaron makaɗa ya sunkuya ya tsince. Sanƙira ya kwarara shela: wane ɗan wane, mutumin gari kaza, ya ba da kaza, Allah ya maida da alheri. Mata su rangaɗa guɗa, kiɗa ya tashi da taken mai kyautar. Idan abokin hamayyarsa ya ga abin ya yi masa zafi, shi ma sai ya fito ya ɗora a kan abin da aka bayar, a juya kiɗan zuwa gare shi.

Waƙa ɗaya takan tsaya sau da yawa a haka, kuma babu mai ganin an yi rashin ladabi. Kowace tsayawa tana da ƙofar shiga da ta fita, tana da farashi, tana kuma da mai ba da izini.

Wanda ya ƙetare wannan tsari akwai hukuncinsa, a bakin mawaƙi. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin roƙo a ƙasar Zazzau ya kuma wallafa shi a 1957, ya bayyana yadda yabon maroƙi ke iya rikiɗewa ya koma muzantawa ga wanda ya ƙi sakin hannu. Tsoron nan ya wuce maganar rowa. Mashayin da ya faɗo fili yana tangaɗi, ko saurayin da ya riƙa surutu ana kirarin manya, ya san habaici na iya sauka a kansa nan take, gobe kuma yara su ɗauka a rijiya da kasuwa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da kaifin zambo, har masu kuɗi da masu sarauta suna taka tsantsan da shi. A bariki, inda kowa ya san ɗakin kowa, kunya ta fi ɗan doka aiki.

Ba kullum ake watsewa lafiya ba. Burukutu da kishin 'yan rawa sun sha tayar da faɗa. A shekarun 1950, da adawar NEPU da NPC ta yi tsami, waƙa ta zama makamin siyasa, hukumomin En'e a wurare da dama na Arewa suka riƙa ƙuntata wa makaɗa da mawaƙa. Duk da haka, ko faɗa ya tashi, an san wanda za a kira ya raba, an kuma san gidan da za a kai ƙara da safe.

'Yan asalin tsaunin ma suna da nasu fagen. Berom na da kundung, Afizere na da rawar asharuwa mai sarewa, kuma a duka biyun mai kallo na iya zama mai rawa idan ya san lokacin shiga. Tudun Wada, unguwar da ta tashi a bayan otal ɗin Hill Station ta bazu cikin duwatsu, ta tara waɗannan ƙabilu da Ngas, Mwaghavul, Tarok da wasu da yawa, Hausa ce kuma harshen da ke haɗa su a kasuwa da majami'a. Wanda ya taɓa ganin matan zumunta suna waƙa da tulu da kacau-kacau ranar Lahadi ya ga tsohon tsarin da ransa: mace ta taso daga kujera, ta yi rawa zuwa gaba, ta manna wa mai ba da waƙa kuɗi, ta koma mazauninta, waƙa ba ta karye ba.

Mawaƙin da ya fi kowa ɗaukar sunan garin ya koya wa 'yan kallo wani abu dabam, wato yin shiru. An haifi Adamu Ɗan Maraya Jos a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Kayan kiɗansa kuntigi ne, gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da ɗan sanda da tsirkiya guda ɗaya. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da bataliyar makaɗa. Yakan rungume ɗan abin nan a ƙirji, yana kaɗa shi da sauri, yana zuba magana a kai, wani lokaci ya yi muryar miji, ya juya ya yi ta mata. Sautin kuntigi ba ya iya danne hayaniya. Mai son jin yadda rigimar ma'auratan za ta ƙare dole ya kame bakinsa, ya kuma tsawata wa na kusa da shi. Da ya yi wa karen mota waƙa, talakan da ke tsaye a bayan taro ya ji ana maganarsa, bai da dalilin tayar da ƙura. Har ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, an san wasan Ɗan Maraya da sauraro da dariya.

Canji ya shigo ta otal da silima. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samarin Najeriya suka rungumi jita mai lantarki da kiɗan rok da na fonk, Jos kuma ta samu nata rabon, har ƙungiyar Sahara All Stars ta garin ta fitar da faifai a tsakiyar shekarun 1970. A gidajen rawa an ɗaga makaɗa sama da jama'a, an jera tebura da kwalabe, an sa mai yankan tikiti a ƙofa. Da can mutum yana biya ne a tsakiyar fili, idon kowa a kansa, da sunansa. Yanzu yana biya a ƙofa, ba wanda ya tambaye shi ko ɗan wane ne, yana kuma shiga da jin cewa ya sayi daren. Lasifika ta ƙara nata: tunda ihun mutum ɗaya ba ya tsayar da kiɗa, ba wanda ya damu ya hana shi. Gidajen silima irin su Rex da Kwararafa sun riga sun saba wa matasa da kallo cikin duhu, inda ake fito da buga kujera idan fim ya tsinke, ba tare da an gane mai yi ba.

Ƙasashen Turai da Amurka sun ɗanɗana kuɗar wannan tun da wuri. A Altamont ta Amurka, cikin Disamba 1969, an kashe wani matashi a gaban dandamalin Rolling Stones, a wasan da aka damƙa tsaronsa ga 'yan babur na Hells Angels. A Montreal ta Kanada, a 1977, rashin natsuwar 'yan kallo ya fusata Roger Waters na Pink Floyd har ya tofa wa ɗaya daga cikinsu yawu, abin da ya zama tushen faifansu The Wall. A Cincinnati, a 1979, mutum 11 sun mutu a turmutsitsin shiga wasan The Who, wasu 9 kuma sun mutu a bikin Roskilde na Denmak a 2000 lokacin da Pearl Jam ke wasa. A 2023 wani ya jefi mawaƙiya Bebe Rexha da waya a fuska a New York, sai da aka yi mata ɗinki. Daga irin waɗannan ne aka koyi kafa shingen ƙarfe, raba taro gida-gida, da horar da ma'aikatan da ke lura da cunkoso.

Jos ta shiga zamanin manyan dandamali da ƙafar dama. A nan tagwayen P-Square suka tashi, a nan M.I, Jesse Jagz da Ice Prince suka goge kafin su tafi Legas, a nan kuma Panam Percy Paul ya kafa sansaninsa na waƙoƙin bishara. Kamfanonin waya da na abin sha suka riƙa ɗaukar nauyin wasannin da ke tara dubban mutane. Sai dai a daidai wannan lokaci garin ya sha wuya. Rikicin Satumba 2001, na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 sun jawo dokar hana fita, sun raba unguwanni bisa addini, sun rage zirga-zirgar dare. Yaran da aka haifa bayan haka da yawa sun girma ba su san takwarorinsu na wancan ɓangaren gari ba. Idan suka haɗu a filin wasa, taro ne na baƙin juna, wanda aka caje a ƙofa, soja ko ɗan sanda na tsaye a gefe. Habaicin mawaƙi ba ya cizon wanda ba a san sunansa ba.

Liƙi bai mutu ba, kamanninsa ne suka sauya. Yanzu an koma watsa takardar naira sama, mai watsawa kuma yana tafe da abokin da ke ɗaukarsa a waya. Shelar da sanƙira ke yi wa mutum ɗari, yanzu mai liƙi ne ke yi wa kansa a TikTok da Instagram, shi ya sa yake daɗewa a kan dandamali yana tare mawaƙi. Doka ma ta shigo maganar. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. An daɗe ba a waiwaye ta sosai ba, har Afrilu 2024 da wata kotu a Legas ta yanke wa Bobrisky, mai tashe a kafafen sada zumunta, ɗaurin wata shida a ƙarar da hukumar EFCC ta shigar.

Shinge da masu gadi suna da amfani, gwanin taro ba zai yi wasa da su ba. Amma aikinsu hana mutum ne, ba sa iya ba shi hanya. Mai kallo a wannan gari ya gaji fahimtar cewa yana da haƙƙin zuwa gaban mawaƙi ya nuna jin daɗinsa, kuma idan aka toshe ƙofar ba a buɗe wata ba, ta kan shinge zai bi.

Magajin sanƙira yana nan a bukukuwan aure na Tudun Wada da sauran unguwanni, ana kiransa emsi. Gwaninsu yakan karɓi jerin sunaye tun kafin a fara, ya kira dangin amarya su fito, ya sallame su, ya kira abokan ango, sannan 'yan ajinsu da abokan aiki. Yana yi wa dije alama ya rage sauti idan uwar amarya ta taso, ya tanadi kwando da 'yan mata biyu masu tattara kuɗi, ya roƙi masu ɗaukar hoto su durƙusa don na baya su gani. Wanda ya zaƙe yakan sha barkwanci a lasifika, jama'a su yi dariya, ya koma kujerarsa ba tare da an taɓa shi ba. Masu shirya manyan wasanni za su iya ɗaukar irin wannan mutum, su ware wa liƙi lokacinsa tsakanin waƙa da waƙa, su kafa matakala guda a gefen dandamali da mai kiran suna a bakinta. Kuɗinsa ba zai kai na hayar janareta ba, kuma Jos cike take da masu wannan baiwa a Hausa da Turanci da harsunan tsauni.