Likitan 'Yan Wasa: Yadda Aikinsa Ya Samo Asali a Ƙasar Nan

A da, idan ɗan ƙwallo ya faɗi a filin wasa na Ahmadu Bello da ke nan Kaduna, abin da 'yan kallo suka saba gani shi ne wani ya sheƙo a guje da bokitin ruwa da soso. In karaya ce a filayen unguwa, sai gidan mai ɗori. Sai da aka yi rashe-rashe kafin a ɗauki likitan wasanni da muhimmanci.

Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a Legas ana tsakiyar wasa da Angola, bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙima, ga kuma hawan jini. Bayan shekara bakwai, a 1996, Nwankwo Kanu ya koma Inter Milan da zinaren Olamfik a wuya, likitocin ƙungiyar suka auna shi suka gano tawaya a mafitar jinin zuciyarsa. Aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka, ya dawo fili, har ya sake zama gwarzon Afirka a 1999. A ganina duk tarihin wannan sana'a yana tsakanin mutanen nan biyu: ɗaya an gano ciwonsa yana raye, ɗaya sai bayan rasuwa.

Mutuwar Marc-Vivien Foé na Kamaru a Faransa a 2003 ta sa FIFA ta fito da tsarin duba lafiyar 'yan wasa, musamman zuciya, gabanin Kofin Duniya na 2006. Da Kaduna ta karɓi wasu wasannin 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, aikin likita ya kai har ga hoton MRI na wuyan hannu don kimanta shekaru. Duk da haka, a Maris na 2020 Chineme Martins ya faɗi a Lafiya yayin wasa da Katsina United, ya rasu.

Ɓangaren da ya shafe mu masu harhaɗa magunguna shi ne ƙwayoyin kashe zafi. Nakan ga samari suna neman diclofenac don su buga wasa da targaɗe, alhali yawan shansa yana illa ga ciki da ƙoda, balle ga mai zuba gumi da rana. Tramadol kuwa hukumar WADA ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairu, 2024.

Iyaye, yaron da ya taɓa suma yana gudu, ko yake kukan ciwon ƙirji in ya motsa jiki, ko wani a danginku ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, a dakatar da shi daga atisaye, a kai shi asibiti a yi masa gwajin ECG kafin ya koma fili.