Daga albasa zuwa kwalbar Amurka: tarihin ganin hanya cikin ruwan sama a Yamai

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga taksi mai jan kai a watan Agusta ya san wannan hoto. Hadari ya taso daga gabas, gari ya yi ja da ƙura, kafin a sauka daga gadar Kennedy ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Direba ya murɗa makunni, esuwi-gilas ya yi ƙara sau biyu, ya shafe parbiriz da laka, ya tsaya a tsakiya. Sai ka ga malam ya zuge gilashin gefe, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje da tsumma, fasinjoji huɗu kowa na karanta abin da ya sawwaƙa.

A makon da ya wuce wani direban taksi ya kira mu a cikin shiri yana tambaya a kan wata ƴar kwalba da ake tallata masa. Wai idan an shafa ruwan cikinta a gilashin gaba, ruwan sama ba ya zama, har mutum ba ya buƙatar esuwi-gilas. Ya ce shin gaskiya ne, ko kuɗinsa ake so a ci? Mintin da muke da shi bai isa ba, shi ya sa muka kawo amsar nan, kuma sai mun ɗan koma baya.

Lokacin da motocin Citroën masu sarƙa a ƙafa suka ratso Sahara suka biyo ta Yamai a ƙarshen 1924, a tafiyar da Faransawa suka kira Croisière Noire, garin bai ma zama babban birni ba tukuna, sai a 1926 aka ɗauko mulki daga Damagaram. Da rani suka zo, ruwan sama bai dame su ba. Amma a ƙasashen da ake ƙera motar, an riga an yi shekara fiye da ashirin ana fama da wannan matsala. Motocin farko da yawa gilashinsu na gaba biyu ne, sama da ƙasa. In ruwa ya zo sai direba ya ɗage na saman, ya yarda fuskarsa ta jiƙe don ya ga hanya.

Mace ce ta fara kawo gyaran da ya shahara. Mary Anderson, ƴar jihar Alabama ta Amurka, ta je New York da sanyi ta ga direban taragon cikin gari yana ta buɗe gilashi yana share ƙanƙara da hannu. Ta koma gida ta zana wani hannu mai roba a baki wanda ake juyawa daga ciki, aka ba ta takardar mallakar ƙirƙira a watan Nuwamba 1903. Masu kamfani suka ce abin ba zai yi kasuwa ba. Wa'adin takardar ya ƙare a 1920 ba ta ci ko dala ba, shekara biyu bayan haka Cadillac ta fara saka abin a kowace motarta.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na John Oishei, mutumin birnin Buffalo. A 1917, cikin dare ana ruwa, ya buge wani mai keke da motarsa saboda bai gan shi ba. Mai keken ya rayu, shi kuwa Oishei ya kafa kamfanin Trico, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera esuwi-gilas a duniya. Na zamanin, da yawansu da iskar da inji ke zuƙa suke aiki, don haka in direba ya taka wuta zai hau tudu ko zai wuce wata mota, sai su rage sauri, daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Bosch na Jamus ya fito da mai aiki da lantarki a 1926. Shi kuma wanda ke sharewa ya ɗan huta ya sake sharewa, mai amfani lokacin yayyafi, Robert Kearns ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1960, ya sha shari'a da kamfanin Ford har zuwa 1990 kafin a biya shi dala miliyan 10 da ƴan kai. Duka wannan tarihin a kan tsinken roba guda ne.

To, mu a nan ya abin ya kasance? Motocinmu, daga zamanin Peugeot 404 da 504 har zuwa ƙananan Toyota da suka cika titi a yau, mafi yawansu sun gama rayuwa guda a Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa su hawo mana. Robar da ke jikinsu an yi ta ne don ƙasar da ake ruwa kusan kowane wata. A Yamai kuwa ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran wata takwas robar na kwance a kan gilashi tana shan ranar Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40, ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashinta. Ba wanda ke tuna ta. Ranar ruwan farko sai a tarar ta bushe ta tsage, wani lokaci ma ta zube, ƙarfe ne ke kartar gilashi.

Tsofaffin direbobi sun san haka, kuma suna da dabarunsu. In ka zauna da su a tasha za su ba ka labarin yanka albasa ko dankalin Turawa a goga a parbiriz, wani ya ce sabulu, wani ya ce garin taba sigari da aka jiƙa. Kada mu yi musu dariya, direbobin Turai ma sun yi irin wannan a da. Abin da sabulu da dankali ke yi shi ne su sa ruwan ya baje ya zama shimfiɗa guda siririya, maimakon ɗigo-ɗigo masu karkatar da haske. Yana ɗan taimakawa na ƴan mintuna, sai ruwan ya wanke shi.

Kwalbar da aka tallata wa mai kiranmu hanyar da ta saɓa wa wannan ta bi. Wanda ya fi suna a irinta shi ne Rain-X, wanda wani Ba'amurke, Howard Ohlhausen, ya haɗa, ya shiga kasuwa a 1972. Sinadarin silikon ne a narke cikin alkol. In an shafa, alkol ɗin ya bushe, silikon ya bar wata fata da ido ba ya gani. Gilashi a ɗabi'arsa yana riƙe ruwa, ita kuwa wannan fatar ba ta riƙewa, sai ruwan ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwallaye masu gangarawa. Duk wanda ya taɓa zuba ruwa a ganyen gwaza, ko ya kalli bayan agwagwa a bakin kogi, ya ga abin da idonsa. Wani masanin tsirrai na Jamus, Wilhelm Barthlott, ya yi shekaru yana nazarin yadda wasu ganyaye ke korar ruwa haka. Daga baya kamfanin gilashi na PPG ya fito da nasa mai suna Aquapel, wanda ya fi daɗewa a jikin gilashi.

Kuma abin yana aiki, wannan ba ƙarya ba ce. A 1997 cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Michigan ta gwada direbobi da gilashi mai shafi da mara shafi cikin ruwa, da rana da dare. Masu shafin sun fi tantance ƙananan abubuwa, kuma sun riga sauran gane abin da ke gabansu da kusan daƙiƙa guda. Daƙiƙa guda ba wasa ba ce. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 a cikinta, kuma a cikin mita 17 ɗin nan ne ake samun mai kabu-kabu mara fitilar baya, ko amalanken jaki da ya fito daga gona da magariba.

Sai dai fa a lura da inda aka haifi maganin. Ƙwallayen ruwan nan ba su tashi da kansu, iskar gudu ce ke kwashe su zuwa sama, kuma sai mota ta kai wajen kilomita 60 zuwa 70 a awa kafin a ga haka sosai. A kan hanyar Dosso, bayan an wuce Kouré, ko a hanyar Tillabéri da dare fitilun manyan motoci na dukan ido, wallahi mutum zai ga bambanci. Amma taksin da ke jan ƙafa daga Babbar Kasuwa zuwa Yantala, yana tsayawa kowane mita ɗari yana tambayar ina za a je, yaushe ya ga wannan gudun? A wurinsa ɗigon zai dunƙule ya zauna, yana jiran roba ta zo ta share shi. Ko kamfanonin da ke yin maganin ba su ce a cire esuwi-gilas ba. Mai talla ne ya ƙara wannan gishirin.

Abu na biyu, kuma a ganinmu shi ne babba: ruwanmu ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin ɗigon farko, iska ta riga ta lulluɓe gilashi da ƙura, don haka abin da ke fara gangarowa laka ce. Bayan an ɗauke kuma, motar da ke gabanka tana watso maka jan ruwan da ya kwanto daga unguwanni marasa gudron. An yi shafin ne don ruwa mai tsabta, laka kuwa sai an wanke ta da ruwan tankin wanke gilashi, wanda a motocinmu da yawa ya bushe tun zamanin da motar ke Turai. Yashin nan kuma, duk lokacin da roba ko busasshen tsumma ya ja shi a kan gilashi, yana kankare shafin kamar sanfefa. Wanda ake cewa yana kai wata biyu ko uku a can, a nan kada a yi mamaki in ya gaji da wuri. Tsohon parbiriz da yashi ya riga ya cinye fuskarsa, wanda in fitila ta haske shi da dare sai ka ga kamar taurari, shi kam babu kwalbar da za ta mayar da shi sabo.

Akwai kuma hazon da ke taruwa ta ciki idan an rufe gilasai mutum biyar na numfashi. Wannan shafin waje bai shafe shi ba, maganinsa kilim ne ko a ɗan sassauta gilashin gefe. Masu babur su ma su kiyaye, irin na gilashi ba a yi shi don robar gaban hular kwano ba, akwai nata daban.

Wanda duk da haka yake son ya gwada, musamman masu doguwar hanya, ga yadda ake yi. A wanke gilashin tas a bar shi ya bushe, a kai motar inuwa, don in gilashi ya yi zafi maganin na bushewa kafin a baza shi. A zuba kaɗan a tsumma mai tsabta a shafa ana zagayawa, a jira ya yi fari-fari, sannan a goge sosai har sai farin ya ɓace. Wanda ya yi ganda a gugar ƙarshen nan zai gamu da dishi-dishi da dare, ya fi da muni. A kuma duba kwalbar da kyau, domin ba duk abin da aka manna wa takarda mai hoton mota ne na ainihi ba.

Kuma ko gilashi ya kai madubi haske, ba ya nuna zurfin ruwa. Mun ga yadda kwarin Gountou Yéna ke cika cikin awa guda, mun ga damanar 2024 da ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai na kwanaki. Motocin da ruwa ya ja a irin waɗannan wurare, direbobinsu suna ganin ruwan sarai lokacin da suka shiga.

Shi kuwa mai kiran namu, da muka sake samunsa bayan shiri muka tambaye shi yaushe rabon da ya sauya robar esuwi-gilas, ya yi dariya ya ce tun da ya karɓi motar bai taɓa ba, na gefen fasinja ma da waya ya ɗaure shi. Muka ce ya ajiye zancen kwalba tukuna, ya bi ta kasuwar Ferraille ya cire tsohuwar ya nuna a ba shi daidai tsawonta, ya sa a duba masa famfon tankin wanke gilashi a cika shi da ruwa. Ya ce zai je ranar Asabar, in ciniki ya yi kyau.