Fuskar Ɗan Ailan a Bakin Alƙalamin Masu Zane

A watan Oktoba na 1881, mujallar Punch ta Landan ta buga wani zane na John Tenniel. Wata mace ce tsaye, wato Birtaniya, takobi a hannu an rubuta masa "doka", ta rungume wata budurwa mai kuka da ke wakiltar Ailan. A gabansu ga wani ƙato ya ɗaga dutse, haɓa ta turo gaba, hanci a baje, leɓen sama ya yi tsawo. Wanda ya kalle shi, goggon biri zai fara tunawa.

Wannan fuska ita ce hujjar da ba a iya faɗa a majalisa. Charles Stewart Parnell da mutanensa suna neman Ailan ta samu majalisarta a Dublin, mai zane kuwa yana amsawa: wa zai damƙa ragamar ƙasa ga irin wannan halitta? Bayan kisan jami'an gwamnatin Birtaniya Lord Frederick Cavendish da Thomas Burke a Phoenix Park na Dublin cikin Mayun 1882, Tenniel ya ƙara gishiri, ya zana wani dodo da wuƙa mai ɗigar jini, Parnell a tsugune gefensa kamar shi ya ƙera shi. Laifin 'yan tsiraru aka shafa wa al'umma guda, kuma a ganina wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Mutanen Ailan ba su naɗe hannu ba. Jaridun Weekly Freeman da United Ireland suka riƙa saka zane mai launi a cikin bugunsu na mako, aikin irin su John Fergus O'Hea da John D. Reigh. A wurinsu manomin Ailan, wanda suke kira Pat, mutum ne kamili, mai tsafta da fara'a, tsaye ƙyam yana kallon mai gonar haya ido da ido. Talakawa suka riƙa manna waɗannan zanuka a bangon ɗakunansu.

A majalisa dai tafiyar ta yi tsawo. Ƙudurin Firaminista Gladstone na 1886 na bai wa Ailan majalisarta ya faɗi da tazarar ƙuri'a 30, na 1893 Majalisar Dattawa ta yi fatali da shi, wani ƙudurin kuma ya zama doka a 1914 amma yaƙin duniya ya sa aka jingine shi. Sai a 1922 gundumomi 26 suka samu gwamnatin kansu, shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya.