Gadar Selma da Ƙuri'ar da Ta Yi Shekara 95 a Hanya

Ranar Lahadi 7 ga Maris 1965, mutane kimanin 600, galibinsu baƙar fata, suka taso daga wata coci a garin Selma na jihar Alabama ta Amurka, suka jera bibbiyu, suka nufi Montgomery, babban birnin jihar, tafiyar kilomita 87 a ƙasa. Kuka za su kai wa gwamna George Wallace a kan abu biyu: an hana su rajistar zaɓe, kuma ɗan sandan jiha ya harbe wani matashi, Jimmie Lee Jackson, a garin Marion cikin watan Fabrairu. Suna gangarowa daga gadar Edmund Pettus sai suka tarar da 'yan sandan jiha sun tare hanya, ga kuma mutanen Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar, wasu a kan dawakai. Aka ba su minti biyu su watse, amma kafin wa'adin ya cika an far musu da kulake da bulala da barkonon tsohuwa. Aka fasa wa John Lewis, ɗan shekara 25 da ke kan gaba, ƙoƙon kai. Aka doki Amelia Boynton har ta suma a kan titi.

Abin da suka fito nema, kundin tsarin mulki ya riga ya ba su tun zamanin kakanninsu. Bayan Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865 an yi wa kundin gyara uku a jere. Na 13 ya haramta bauta a 1865, na 14 ya mayar da 'yantattun bayi cikakkun 'yan ƙasa a 1868, na 15 kuma a 1870 ya hana a ƙwace wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Na ɗan lokaci abin ya yi aiki, domin a wannan shekarar ta 1870 Hiram Revels ya shiga Majalisar Dattawa daga Mississippi, baƙar fata na farko da ya zauna a wannan kujera. Amma sojojin tarayya ne ke tsaron wannan 'yanci a Kudu, kuma da aka janye su a 1877, sai tsofaffin iyayen giji suka koma gidan jiya.

Dabarar da suka yi ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ba su rubuta a doka cewa baƙar fata ba zai yi zaɓe ba, don sun san kundi ya haramta. Sai suka miƙa aikin ga akawun rajista. Mississippi ce ta buɗe hanya a 1890: mai son rajista sai ya biya harajin ƙuri'a, sannan ya karanta wani sashe na kundin jihar ko ya yi bayanin ma'anarsa yadda zai gamsar da akawu. Akawun kuwa shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa, shi ke zaɓen sashen, shi ke yanke wanda ya ci. Louisiana ta ƙara wani salo a 1898: wanda shi ko ubansa ko kakansa ke da ikon zaɓe kafin 1867, an yafe masa jarrabawa. Jikan bawa ina zai samo irin wannan kaka? A 1896 baƙar fata fiye da 130,000 ke da rajista a Louisiana. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Ƙungiyar Ku Klux Klan da masu rataye mutane ba shari'a sun zubar da jini mai yawa, amma a ganina alƙalamin akawu ya fi igiya share sunaye.

Wanda ya yi ƙarfin hali ya je ofis, sai tuwonsa ya shiga haɗari. Fannie Lou Hamer ta yi shekara 18 tana aiki a wata gonar auduga a Mississippi. A watan Agusta 1962 ta je Indianola neman rajista, ta dawo mai gona ya ce ko ta janye sunanta ko ta tattara nata ya nata. Ta tattara. A Selma kanta, kwana biyu kacal a wata ake buɗe ofishin rajista, kuma cikin baƙar fata wajen 15,000 da suka isa zaɓe a gundumar Dallas da garin ke ciki, 'yan ɗari uku da ɗoriya ne ke cikin littafi. Mu tuna cewa a Nuwamba 1960 Martin Luther King ya je Legas bikin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar, ya ga baƙar fata na riƙe da ƙasa, ya koma gida inda 'yan'uwansa ke layi a ƙofar akawu ana mayar da su.

Duka irin na gadar ba sabon abu ba ne a Alabama. Sabon abu shi ne talabijin. A daren ranar tashar ABC ta katse wani fim da take nunawa a kan shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg, ta sa hotunan Selma, miliyoyin mutane suka gani a ɗakunansu. Limamai na coci da na Yahudawa da ɗalibai suka yi ta kwarara garin. Aka kashe ɗaya daga cikinsu, James Reeb, farar fata daga Boston. Alƙalin tarayya Frank Johnson ya ba da izinin tattakin, shugaba Lyndon Johnson ya ba da sojoji, aka tashi ranar 21 ga Maris, aka isa Montgomery ranar 25 da mutane kusan 25,000. A daren nan 'yan Klan suka harbe Viola Liuzzo, wata uwa daga Detroit da ke jigilar masu tattaki a motarta.

Ranar 6 ga Agusta 1965 Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Zaɓe. Ba ta zo da sabon alkawari ba, haƙora ta sa wa tsohon. Ta dakatar da jarrabawar, ta ba da ikon tura jami'an tarayya su yi rajistar da kansu, ta kuma ɗora wa jihohin da suka yi ƙaurin suna sharaɗin cewa ba za su canja ko da wurin rumfar zaɓe ba sai da amincewar Washington. A Mississippi masu rajista cikin baƙar fata sun tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan kashi 60 a shekara biyu.

Wannan sharaɗi ya yi shekara 48 yana aiki. A 2013, lokacin Barack Obama na kan mulki, Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake bi wajen tantance jihohin da ya shafa, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, a ƙarar da gundumar Shelby ta Alabama ta shigar. Masu rinjaye suka ce Kudu ta canja, ma'aunin ya tsufa. A ranar da aka yanke hukuncin, Texas ta sanar cewa za ta fara aiki da dokarta ta katin shaida wadda a da aka taka wa birki.

John Lewis ya yi shekara 33 a Majalisar Wakilai, ya rasu a Yuli 2020. Aka ɗora akwatin gawarsa a keken doki aka ƙetare da shi gadar, 'yan sandan jihar Alabama suna sara masa. Sunan da ke rubuce a saman gadar ranar nan shi ne dai na Edmund Pettus, janar na rundunar Kudu a Yaƙin Basasa, kuma jigon Klan a jihar.